Daga Motar Kara zuwa Jirgi Mai Hayaƙi

(Kiɗan buɗe shiri, sannan kukan jirgin ƙasa daga nesa)

Gaisuwa ga mutanen Sae Sabuwa da kewaye, da na Gidan Rumji, da Agye, da Gazawa, da duk inda muryarmu ke kaiwa.

Yau daga gindin rumbu za mu tashi. Kaka ta yi, hatsi ya shiga gida, kara ya bushe a gona. Duk wanda ya tashi a karkara ya san abin da ke biyo baya. Yara sun baje a inuwa, kowa da tsohuwar reza da guntayen karan dawa. A ɓare ɓawon, a fitar da totuwa, a yanka ta daidai wa daida, a mai da siraran ɓawon ƙusoshi. Ƙafafu kuwa, ko sakaina, ko tsohon takalmin soso, ko marfin kwalba. Kafin la'asar ga kamyo ya tsaya da gidan direba da bodi, har da yaron mota a maƙale a baya. Wannan ya yi amalanke, wancan ya yi babur.

To amma ku duba tashar nan ta kara da kyau. Da wuya ku ga jirgin ƙasa a cikinta. Hannun yaro abin da idonsa ya gani yake ƙerawa, jirgi kuwa bai taɓa kuka a ƙasar Maraɗi ba.

(Gajeren kiɗa)

Bai zo ba, amma ya daɗe yana ɗaukar gumin kakanninmu. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Zamanin da gujiya ke tashe, wadda Kanawa ke kira gyaɗa, manoman wannan yanki sun noma ta, an auna, an ɗinke buhuna, raƙuma da jakuna da manyan motoci sun yi kudu da ita. Da yawa daga cikin buhunan nan a tarago suka ƙarasa tafiya zuwa bakin teku a Ikko. Abin da ya ja taragon shi ne kan jirgi mai hayaƙi.

Dattawan da suka yi cin rani a Kano ko Zariya sun gan shi ido da ido. Ƙaton ƙarfe baƙi wuluk, cikinsa tukunya ce doguwa cike da ruwa. Mutum guda aikinsa ke nan, zuba kwal a wuta da shebur, kwal ɗin da ake haƙowa a Inugu. Ruwa ya tafasa, tururi ya taru ya rasa hanyar fita, sai ya tura fistin, fistin ya tura sandar ƙarfe, sanda ta juya ƙafafu. Wannan fat-fat da ake ji tururi ne ke fita ta bututun hayaƙi bayan ya gama aikinsa. A Najeriya har akwai jerin irin waɗannan kawuna da aka sa wa sunayen koguna. Da injin dizal ya shigo, aka ajiye su, tsatsa ta cinye mafi yawansu.

(Sautin jirgi yana tashi daga tasha)

A Ingila da Jamus ma an yi ritayar jirage masu tururi, sai dai mutanen can ba su yarda siffarsu ta ɓace ba. Akwai wani kan jirgi mai suna Mallard, wanda injiniya Nigel Gresley ya tsara. Ranar 3 ga Yulin 1938 ya yi gudun kilomita 203 a awa guda, kuma har yau babu jirgi mai tururi da ya karya wannan tarihi. Yana ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin York. Akwai kuma Flying Scotsman, wanda aka ƙera a 1923, ya yi suna a hanyar Landan zuwa Edinbura. Ainihin kowannensu guda ɗaya ne tak, amma ƙananan samfuransu sun cika gidaje a duniya, suna gudu a kan teburi.

Sana'a ce mai dogon tarihi. Kamfanin Märklin na Jamus ya nuna ƙananan jirage masu layi mai tsayayyen awo tun 1891. Kamfanin Hornby na Ingila ya fitar da nasa da ake wanawa kamar agogo a 1920. A birnin Hambug akwai gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, inda ƙananan layukan dogo suka haura kilomita 16 idan aka haɗa tsawonsu. Masu wannan sha'awa kuwa galibi manya ne masu furfura, wasunsu har suna ƙera ƙaramin kan jirgi da ake hura wa wuta da gaske, ya yi tururi ya ja kaya.

To mene ne ya raba aikinsu da na yaron gindin rumbu? Abu guda ne: awo. Yaronmu da ido yake kintata girma. Su kuwa lamba ɗaya suke zaɓa su raba komai da ita. A awon da ya fi yaɗuwa a duniya ana rage girma sau 87, a na Ingila sau 76. Tsawo, faɗi, ƙofa, bututu, har fitila, babu wanda zai tsallake wannan rabo. Shi ya sa idan aka ɗauki hoton samfurin, sai ka rantse na gaske ne.

Ku yi lissafin tare da ni. Mallard ya ɗan haura mita 21 a tsawo. A raba da 76, sai ya dawo santimita 28, bai ma kai tsawon rular ɗan lakwal ba. Manyan ƙafafunsa sun ɗara mita 2 a tsayi, sun fi dogon mutum. A raba da 76, sai su dawo wajen milimita 27. Jama'a, wannan kusan faɗin marfin kwalbar lemo ne, marfin nan da yaranmu ke tsinta a bakin kasuwa suna yi wa motar kara ƙafa. Ashe kayan aikin suna hannunsu tuntuni.

(Kiɗa)

Dalilin kawo wannan zance yau shi ne, jirgi ya nufo mu. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi, a hannun kamfanin Mota-Engil. Ranar da ya fara kuka a nan, yaran Sae Sabuwa za su gan shi, kuma kafin mako ya zagayo za su yi shi da kara. Amma wanda zai zo sabon yayi ne, ba ya cin kwal, ba ya tururi. Wancan baƙin da ya ɗauki gujiyar kakanninmu, a kan dattawa kawai ya rage, su kuma kullum raguwa suke yi.

Saboda haka ga roƙonmu. Malaman makaranta, ku shigar da motar kara aji. Ku sa yara su auna amalanken gidansu da igiya da rula, su raba da 20, su ƙera ta a kan wannan awo. Amalanke mai mita 2 za ta dawo santimita 10, kuma yaron da ya yi wannan da hannunsa ba zai sake tsoron rabawa ba. Iyaye, idan kun tarar da yaro ya duƙufa a kan kara da reza, ku tsaya ku duba aikin, ku tambaye shi yadda ya haɗa shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma layin da ke tafe zai buƙaci makanikai da masu walda da injiniyoyi daga cikin ƴaƴanmu.

Ku kuma iyayenmu dattawa da kuka taɓa tsayawa a tashar Kano kuka ga hayaƙi ya turnuƙe sama, ku kira jikokinku bayan sallar isha'i. Ku zana musu shi a ƙasa da yatsa: nan tukunya, nan bututu, nan mazaunin direba, nan taragon kwal. Ku faɗa musu ƙafafu nawa kuka ƙirga. Sauran aikin ku bar wa hannunsu da karan bana.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah ya ba mu albarkar kaka, ya raya mana zuri'a. Sai wani jiƙon, mu kwana lafiya.

(Kukan jirgi, kiɗan rufe shiri)