Ginshiƙin Manhaja a Tsarin Rumbun Bayanai

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba inda ya kamata manhajar rumbun bayanai ta ajiye mabuɗinta. In na ce “ƙunshi”, ina nufin yankin manhaja wanda ya tattara bayanai da ayyukan da ake yi da su wuri guda, dabarar da ta samo asali daga harshen Simula na 1967. Ginshiƙi kuwa shi ne ƙunshin da yake fara tashi in an kunna manhaja, shi ne kuma na ƙarshen rufewa. Irinsa ne CWinApp a tsarin MFC na Microsoft, da QApplication a Qt.

Na sha ba ɗalibaina aikin tsara rajistar makarantun allo na cikin birnin Zazzau, unguwa-unguwa, watau Kwarbai, Juma, Limancin Kona da sauransu. Akasarinsu sukan bar kowace taga ta allon kwamfuta ta buɗe wa kanta hanya zuwa rumbun. To, SQLite, wadda Richard Hipp ya fitar a 2000, ba ta yarda biyu su yi rubutu a lokaci guda. Tagar shigar da almajirai tana cikin rubutu, ta gyaran sunan malami ta zo, sai a ce rumbu a kulle yake. In kuwa aka sauya wa fayil mazauni, sai an bi wuri goma ana gyara, a mance da ɗaya.

Maganin yana nan a gidajenmu na birni. Komai yawan sassan gida, zaure ɗaya ne, ta nan baƙo yake sallama. Haka ginshiƙi zai karanta saitin manhaja, ya buɗe rumbu sau ɗaya, ya miƙa hanyar ga duk tagar da ta nema, ya kuma tabbatar rubutu ya kammala kafin ya rufe.

Sai dai a ganina kuskuren da ya fi wannan muni shi ne a jibga wa ginshiƙi kowane aiki. Ba a girki a zaure. Ƙidayar almajirai da buga rahoton kowace unguwa su sami nasu ƙunshin, ginshiƙi ya haɗa su kawai. Da haka ne malami zai iya miƙa wa ƙunshin ƙidaya rumbun gwaji mai makarantu biyar, ya jarraba aikin ɗalibi ba tare da ya taɓa rajistar gaske ba.