Tara Makin Otal ta Hanyar Cin Abinci: Wa Ke Biya, Nawa Ake Samu?

Manyan kamfanonin otal na duniya, irin su Hilton da Marriott da IHG mai otal-otal ɗin Holiday Inn da InterContinental, kowanne yana da tsarin tara maki. Baƙo zai yi rajista kyauta a buɗe masa asusu, duk kwanan da ya biya a zuba masa maki, in sun taru ya karɓi ɗaki ba tare da ya fitar da ko sisi ba. Matafiya sun daɗe da sanin wannan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne a Amurka mutum kan tara waɗannan makin ko bai taka ƙofar otal ba. Zai shiga gidan abinci a unguwarsu, ya ci ya ƙoshi, ya biya da katinsa na banki, bayan 'yan kwanaki ya tarar maki sun shigo asusunsa na otal. To daga ina suka fito, kuma nawa ne darajarsu?

Kamfanonin jiragen sama ne suka buɗe wannan ƙofa. A 1981 American Airlines ya fito da tsarinsa na AAdvantage, inda fasinja ke tara maki gwargwadon nisan tafiyarsa. Masu otal suka ga abin ya karɓu, a 1983 Holiday Inn da Marriott suka fito da nasu, Hilton ya biyo baya a 1987. Da farko manufar ɗaya ce, kada baƙo ya sauka a otal ɗin maƙwabci. Da tafiya ta yi tafiya sai makin suka zama haja da kansu, ana sayar da su ga bankuna da sauran 'yan kasuwa, su kuma su raba wa abokan cinikinsu. An ga girman wannan kasuwa a 2020, lokacin da annobar korona ta bar otal-otal wayam: Hilton ya sayar wa American Express maki na dala biliyan 1 a dunƙule, Marriott kuma ya karɓi dala miliyan 920 daga Chase da American Express. Duk wanda ya fahimci cewa maki abin sayarwa ne, ya kama bakin zaren.

Mai haɗa gidan abinci da otal wani kamfani ne a birnin Shikago mai suna Rewards Network, wanda aka kafa a 1984 da sunan Transmedia. Shi ke tafiyar da Hilton Honors Dining, da shirin cin abinci na IHG, da Eat Around Town na Marriott Bonvoy, haka nan da makamantansu na kamfanonin jirage irin su American da United da Delta da Southwest. Sunayen daban-daban ne, amma hannu ɗaya ne ke juya su, kuma dubban gidajen abincin da ke ciki kusan duk iri ɗaya ne.

A ɗauka wata ma'aikaciyar jinya ce a Houston, tana da asusun Hilton. Za ta shiga shafin shirin a intanet, ta sa lambar asusunta, sannan ta yi wa katinta na banki rajista. Aikinta ya ƙare ke nan. Ranar da ta tashi aiki ta biya wani gidan abinci da ke cikin shirin, ba takardar rangwame da za ta miƙa, ba kalmar da za ta raɗa wa mai kawo abinci, shi kansa bai san tana cikin wani shiri ba. Za a kawo mata lissafi, ta ƙara tukwicin da aka saba bayarwa a can, ta miƙa kati. Na'ura ce za ta gane lambar katin, ta lissafa makin a kan jimlar kuɗin, har da haraji da tukwicin. In ta biya da tsabar kuɗi ko da wani katin da ba ta yi wa rajista ba, ba ta da komai. Kuma kati ɗaya shiri ɗaya yake ɗauka: in ta sa shi a na Marriott, ya fita daga na Hilton.

Yawan makin yana da hawa-hawa. A tsarin da Hilton ya daɗe a kai, mai rajista kawai yana samun maki 2 a kan kowace dala. In ya yarda a riƙa aiko masa da tallace-tallace ta imel, su zama 5. In ya ci abinci sau 11 a cikin shekara ɗaya, a ɗaga shi zuwa 8. A na Marriott, maki 4 ne ga kowa, 6 ga masu babban matsayi a wurin kamfanin. Sabon shiga kuma akan yi masa garaɓasa in ya kashe wani adadi a watansa na farko, ya kuma rubuta ra'ayinsa a kan abincin. Duba hawan nan da kyau: ninki biyu da rabi ake ninka wa mutum makinsa don kawai ya buɗe wa talla ƙofa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da kamfanin yake nema a wurinsa.

Wa ke biya? Mai gidan abinci ne. Ga shi nan daren Talata, rabin kujerunsa babu kowa, kuɗin haya na tafiya, albashin masu girki na tafiya, fanka da firji suna shan wuta. Kayan da ake girka faranti ɗaya da su yawanci ba su wuce kashi ɗaya cikin uku na farashinsa ba, saboda haka duk wanda ya zauna a kujerar da da za ta kwana babu kowa, riba ce ko da an cire wani abu. Shi ya sa yake yarda ya ba Rewards Network kamasho a kan duk cinikin da mai rajista ya yi. Akwai kuma hanya ta biyu, wadda da ita kamfanin ya fara: ya ba mai gidan abinci tsabar kuɗi a hannu, a madadin abincin da masu rajista za su ci nan gaba. A tsarin farko ninki biyu ne, wato a ba ka dala 10,000 yau, ka ciyar da mutanensu abincin dala 20,000. Daga abin da ya shigo ne kamfanin ke sayen maki a wurin otal ya zuba wa mai kati. Mai otal ya sayar da maki, ɗan tsakiya ya ci kamasho, mai gidan abinci ya cika kujera.

Saura mai ci, shi me ya samu? A nan ne lissafi ke da amfani. Hilton yana sayar da makinsa dala 10 a kan kowane 1,000, kuma sau da yawa yakan yi garaɓasar ninkawa, su koma dala 5. Masu bibiyar wannan harka ma a wajen dala 5 ɗin suke ƙiyasta darajarsu. Ke nan ma'aikaciyar jinyarmu, in ta ci abincin dala 50 a matakin maki 5, ta samu maki 250, abin da bai wuce dala ɗaya da kwata ba. In ɗakin da take so ana ba da shi a kan maki 50,000, sai ta ci abincin dala 10,000 kafin ta kwana ɗaya kyauta. Ko ta hau matakin maki 8, sai ta kashe dala 6,250.

Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne gyara. Ka sayi tumatir, mai kaya ya ɗora maka biyu ko uku a kai, ka yi godiya ka tafi. Ba mai hankalin da zai sayi kwandon da ba ya buƙata don a yi masa gyara, ko ya bar mai araha ya koma wurin mai tsada don gyararsa ta fi auki. Amma a nan ne shirin ke kama mutane. Saƙo ya shigo cewa saura ci biyu ka hau mataki na gaba, sai mutum ya bar tukunyar gidansa ya fita, ko ya wuce gidan abincin dala 15 ya shiga na dala 30. Ya yi asarar dala 15 don ya samu makin da ba su kai dala ɗaya ba.

Akwai wasu ramukan kuma. Na farko, maki ba kuɗi ba ne, alkawari ne, kuma mai alkawarin shi ke yanke farashi. Da can kowane otal yana da adadin makin da aka tsaida masa. Hilton ya soke wannan jadawali a 2017, Marriott ya soke nasa a 2022, yanzu farashin ɗaki da maki yana hawa da sauka yadda kasuwa ta kama. Makin da suka isa kwana biyu bana suna iya gaza kwana ɗaya da rabi baɗi.

Na biyu, kuɗin ruwa. Da yawa cikin masu farautar maki da katin bashi suke biya, don bankin ma ya ƙara musu nasa makin a kai. Wannan dabara tana aiki ne kawai ga wanda ke biyan bashinsa duka a ƙarshen wata. Ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara, makin kuwa ba su kai kashi 5 ba. Garin neman gira ake rasa ido. Wanda ke guje wa riba saboda addini yana iya yin rajista da katin cire kuɗi na asusunsa. Haka nan ya sani ba don halal aka tace jerin gidajen abincin ba, da yawansu suna sayar da giya da naman alade, dubawa ta rage nasa.

Na uku, bayanai. Wanda ya yi wa katinsa rajista ya amince a san inda yake ci, da lokacin da yake ci, da nawa yake kashewa. Kuma manyan kamfanoni ma ana yi musu kutse. A 2018 Marriott ya bayyana cewa an shiga rumbun bayanan baƙin Starwood, kamfanin da ya saya a 2016, abin ya shafi ɗaruruwan miliyoyin mutane, har hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci shi tarar fam miliyan 18.4 a 2020.

Duk da haka shirin yana da wani amfani da ya fi yawan makin da yake bayarwa. Maki suna mutuwa in asusu ya daɗe babu motsi: wata 24 a Hilton da Marriott, wata 12 ga ƙananan mambobin IHG. Wanda ya tara maki 80,000 daga tafiye-tafiyen aiki, sannan tafiyar ta tsaya, kofin shayi ɗaya a gidan abincin da ke cikin shirin ya isa ya sabunta wa'adin dukkansu. A nan dala 4 ta tsare abin da ya kai dala 400.

Waɗannan shirye-shirye na Amurka ne, mazaunin Kano ko Yamai ba zai samu gidan abincin da ke ciki a garinsu ba. Amma makin kansu ba su da iyakar ƙasa. Ɗan'uwanmu da ke New York ko Atlanta yana iya kashe makinsa na Hilton a Transcorp Hilton da ke Abuja in ya zo gida, ko a otal-otal ɗin Hilton da ke dab da Harami a Makka in ya tafi Umara, inda kuɗin ɗaki ke tashi sosai a wasu lokuta na shekara.

Wanda yake can kuma ya ga zai shiga, ya zaɓi kamfanin da dama a otal-otal ɗinsa yake sauka, ya tara a wuri ɗaya maimakon ya warwatsa. Ya yi wa katin da yake amfani da shi kullum rajista, ya karɓi garaɓasar shiga, ya ware imel na daban don tallan. Daga nan ya ci gaba da cin abinci inda ya saba, a farashin da ya saba. Kafin ya biya ɗaki da maki, ya kwatanta da farashinsa na kuɗi: in makin Hilton 1,000 ba su tsaya masa a matsayin dala 5 ba, ya biya da kuɗi ya bar su zuwa wata tafiyar. Da zarar kuwa sun isa ɗakin da yake buƙata a farashi mai kyau, ya kashe su, domin kamfanin da ya buga su yana da ikon rage musu daraja gobe ba tare da ya nemi shawarar kowa ba.