Rabon Mace a Gado da Hujjar Hankali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Gabatarwa

Daga cikin mas'alolin da ake kafa hujja da su cewa addini ba ya iya tsayuwa a gaban hankali, da wuya a sami wadda aka fi maimaitawa kamar rabon mace a gado. Mai suka yakan ce: idan namiji da mace daidai suke a mutuntaka, me ya sa ɗa zai ɗauki ninkin abin da 'ya ta ɗauka? Wannan tambaya ta daɗe da fita daga littattafan masu nazarin Gabas ta shiga majalisun ƙasashen Musulmi. A watan Agusta na 2017 shugaban Tunisiya na lokacin, Baji Ƙa'id Sibsi, ya yi kira da a daidaita gado tsakanin maza da mata, malaman Azhar suka yi masa raddi, kuma har ya rasu a 2019 ƙudurin bai zama doka ba. Ɗalibanmu ma suna kawo tambayar cikin aji, wasu da murya, wasu a zuci. Wannan maƙala za ta dubi mas'alar ta fuskar usulu da fara'ili, domin amsar da ba ta da ƙarfi ta fi shiru cutar da ɗalibi.

Matsayin hankali a wurin malamai

Malaman Musulunci ba su ɗauki hankali abokin gabar wahayi ba. Gazali (ya rasu 505H/1111M) ya kwatanta hankali da lafiyayyen ido, wahayi kuma da hasken rana: ido ba ya gani a duhu, haske kuma ba ya amfanar makaho. Ibn Rushdi (595H/1198M) ya gina Faslul Maƙal a kan cewa abin da hujja ta tabbatar ba zai yi karo da abin da shari'a ta tabbatar ba. Ibn Taimiyya (728H/1328M), duk da bambancin tafarkinsa da nasu, ya tsaya a Dar'u Ta'arudil Aƙli wan Naƙli a kan cewa duk inda aka ga karo, to ko dai nassin bai inganta ba, ko an yi masa gurguwar fahimta, ko kuma abin da aka kira hankali zato ne kawai. Shaɗibi (790H/1388M) kuwa ya bayyana a Muwafaƙat cewa asali a hukunce-hukuncen mu'amala shi ne a lura da ma'anoninsu. Saboda haka neman hikimar rabon gado aiki ne na malamai tun da can, ba alamar raunin imani ba.

Abin da ayoyin suka zo da shi

Larabawan jahiliyya ba sa gadar da mata da ƙananan yara, domin a wurinsu dukiya ta mai ɗaukar makami ce. Aya ta 7 ta Suratun Nisa'i ta rushe wannan, ta tabbatar wa mata rabo yankakke, dukiyar ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Tirmizi da Abu Dawuda sun ruwaito cewa matar Sa'adu ɗan Rabi'u, wanda ya yi shahada a Uhudu, ta zo wa Annabi (SAW) da 'ya'yanta mata biyu tana ƙarar baffansu da ya kwashe dukiyar. Da ayar gado ta sauka sai aka umarce shi ya ba yaran biyu bisa uku, ya ba uwarsu sumuni, ya riƙe saura. Ke nan hukuncin ya fara aiki ne da karɓo dukiya daga hannun namiji a mayar wa mata.

Wanda ya karanta ayoyi na 11 da 12 da 176 zai ga cewa ninkin ba ƙa'ida ba ce da ta game kowane namiji da kowace mace. Uba da uwa kowanne sudusi yake samu idan mamaci ya bar ɗa namiji. 'Yan'uwan mamaci ta wajen uwa kaɗai suna tarayya a sulusi daidai wa daida, mazansu da matansu. Idan mutum ya rasu ya bar mata da 'ya ɗaya da uwa da uba, dukiyarsa kuma naira miliyan 24 ce, matar za ta sami miliyan 3, uwa miliyan 4, 'yar miliyan 12, uban kuwa miliyan 5 tsakanin sudusi da saura. Idan kuma ya bar 'ya da shaƙiƙiya da ɗan'uwa li'abi, 'yar ta ɗauki rabi, shaƙiƙiya ta ɗauki saura, namijin ya tashi hannu wofi.

Daga irin waɗannan surori masu bincike suka fitar da ma'aunai uku: kusancin magaji ga mamaci, matsayinsa a jerin zuriya (mai fuskantar rayuwa yakan fi wanda ya ba ta baya), da nauyin kuɗi da shari'a ta ɗora masa. Ma'auni na uku ne ke bayyana bambancin ɗa da 'ya.

Inda wasu amsoshi suke da rauni

Amana ta ilimi ta wajabta faɗin abu biyu. Na farko, yawan surorin da mace ke daidai da namiji ko ta fi shi ba ya kawar da tambayar, domin surar da ta fi faruwa a gidajen mutane ita ce ta 'ya'ya maza da mata, kuma a nan ninkin yake. Na biyu, kalmar da ake yawan faɗa a wa'azi cewa an ninka wa namiji ne don ya ciyar da 'yar'uwarsa ba ta tafiya a mazhabarmu. Malikawa sun taƙaita wajabcin ciyar da dangi ga iyaye da 'ya'yan cikin mutum, ba su wajabta wa ɗan'uwa ciyar da 'yar'uwarsa ba. Hanafawa da Hambalawa ne suka faɗaɗa da'irar. Ɗalibin da ya san Risala ko Mukhtasar zai gane wannan nan take.

Bayanin da ya fi tsayuwa shi ne a dubi tsarin dukiyar iyali gaba ɗaya. Namiji ne ke bayar da sadaki, mace ce ke mallakarsa. Ciyar da mata da tufatar da ita da matsuguninta suna kan miji ko da ta fi shi arziki. Ciyar da 'ya'ya yana kan uba, kuma 'ya mace tana wuyansa har mijinta ya tare da ita. Aya ta 34 ta Nisa'i ta haɗa shugabancin gida da wannan ciyarwa. Don haka kason ɗa yana fita zuwa ga wasu bisa tilas, kason 'ya kuwa nata ne, miji ba shi da ikon mallakarsa. Hankali yana yarda da cewa raba haƙƙi gwargwadon nauyi adalci ne, kamar yadda yake ƙin a daidaita haƙƙi a bar nauyi a kan ɓangare ɗaya.

Idan nauyin ya sauya fa?

Mai suka zai ce: a yau mata da yawa su ke riƙe da gidaje, maza da yawa sun yi watsi da ciyarwa, me zai hana hukuncin ya sauya? Masana usulu sun bambanta illa da hikima. Illa siffa ce bayyananna mai iyaka wadda hukunci ke rataye da ita, hikima kuwa ita ce maslahar da ake nufi, kuma tana bambanta daga mutum zuwa mutum. Ƙasaru an rataye shi da tafiya ne, ba da wahala ba, shi ya sa matafiyi a jirgin sama yake yin sa, lebura mai aikin ƙarfi a garinsu ba ya yi. Haka gado: an rataye shi da nasaba da aure a nassi yankakke. Da an rataye shi da buƙata, da kowane rabon gado ya zama shari'ar tantance wanda ya fi talauci da wanda ya fi hidima, zumunci ya lalace a gaban alƙali.

Shari'a ba ta bar irin waɗannan halaye ba tare da magani ba. Mijin da ya ƙi ciyarwa alƙali yana tilasta masa, kuma a mazhabar Maliku mace tana da ikon neman rabuwa saboda haka. Uba yana iya yin kyauta ga 'ya'yansa tun yana raye bisa adalcin da hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru ya umarta, kuma mafi yawan malamai suna ganin a daidaita mace da namiji a wannan kyauta. Ɗan'uwa yana iya bar wa 'yar'uwarsa kasonsa bayan an raba. Ƙofar waƙafi ma a buɗe take.

Kammalawa

Hukuncin gado yana tsayuwa a gaban hankali idan an gabatar da shi cikin tsarinsa. Abin da ba ya tsayuwa shi ne aikinmu: gonar da aka hana 'ya mace da sunan kada ta fita daga dangi, gidan da aka ƙi rabawa shekaru masu yawa maza na cin amfaninsa, bazawarar da aka kora ba a ba ta sumuninta ba. Mai yin haka ya koma aikin baffan 'ya'yan Sa'adu, ayoyi na 13 da 14 kuma sun kira waɗannan kasoshi iyakokin Allah tare da narko ga mai ƙetare su. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman zamaninsa a Nurul Albab saboda barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u (1793–1864) kuma ta kai ilimi ga matan ƙauye ta hanyar 'yan taru. Macen da ta san kasonta ta fi wuyar zalunta, don haka koyar da fara'ili a makarantun Islamiyya na mata yana daga cikin mafi ƙarfin raddi ga wannan shubuha. Allah ne Mafi sani.