Masu Raya Tsofaffin Akwatunan Wasa

A ƙasashen Amurka da Turai akwai waɗansu mutane, ma'aikata da ɗalibai, waɗanda suka mai da gyaran tsofaffin akwatunan wasa abin yi a lokacin hutunsu. Akwatin nan na katako ne, tsayinsa ya kusa na mutum, da talabijin a cikinsa, da sandar juyawa, da wata kafa inda ake jefa kuɗi kafin wasa ya tashi.

Kamfanin Atari na Amurka ya fito da wasan Pong a 1972, wanda injiniya Allan Alcorn ya haɗa. A 1978 kamfanin Taito na Japan ya kawo Space Invaders, sa'an nan Namco ya biyo da Pac-Man a 1980. Da na'urorin wasa na gida suka yawaita, sai kasuwar akwatunan ta mutu, aka jibge su a ɗakunan ajiya, laima da ɓeraye suka yi ta aikinsu.

Mai gyara yakan fara da katakon, ya sauya inda ya ruɓe, ya mayar da fentin asali. Daga nan sai ya shiga kayan ciki. Kondensa takan bushe bayan shekaru, dole a cire ta a liƙa sabuwa da dalma. Tsohon batir kuma yakan yi yoyo ya cinye hanyoyin wuta na jan ƙarfe. Mafi haɗari ita ce kwalbar talabijin, domin tana aiki da wuta mai ƙarfin wajen bolt 20,000, kuma takan riƙe ta ko an kashe akwatin. Saboda haka gwanaye ba su taɓa ta sai sun zubar da wutar tukuna.

Babbar damuwarsu ita ce manyan kamfanoni sun daina ƙera irin wannan kwalba, masu sanin gyaranta kuwa sai ƙara tsufa suke yi. Gaskiya ne tun 1997 wani Ba'italiye, Nicola Salmoria, ya ƙirƙiro manhajar MAME mai kunna wasannin a kwamfuta, amma manhaja ba ta adana katako da wayoyi. A 2012 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya sa Pac-Man cikin kayan da yake tsarewa.

To, mutanen birnin Zazzau ba baƙin wannan darasi ba ne. Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, sa'ad da aka faɗaɗa shi a shekarun 1970, an kewaye shi da sabon gini, aka bar bakan gizonsa na ƙasa a ciki, ga shi masana na zuwa kallo.

Haka ya kamata a dubi tsofaffin rediyo da garmaho da talabijin da ke kwance a zauruka daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, kafin 'yan gwangwan su auna su a sikeli. Dattawan masu gyara suna nan a Tudun Wada da Sabon Gari. Ɗaliban aikin lantarki na Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Nuhu Bamalli za su ƙaru ƙwarai idan suka zauna gabansu suka rubuta abin da suka sani tun suna raye. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.