Aikin Ido Da Haske: Ina Matsayin Yaranmu?

Mu malaman makaranta a Tishigu mun saba ganin yaro yana ƙanƙance ido don ya hangi allo, a ce masa daƙiƙi. Ga shi yanzu ana ta zancen aikin leza mai raba mutum da tabarau.

Akwai irin da ake kira PRK, wanda Amurka ta amince da shi a 1995. Ba a yanka ido a ɗaga murfi. Likita yakan share siririyar fatar sama, hasken ya gyara lanƙwasar idon, a sha raɗaɗi 'yan kwanaki.

Sai dai ba a yi wa yara, domin idonsu bai gama girma ba. Iyaye, mu kai su Asibitin Koyarwa na Tamale a auna su. Tabarau ba abin kunya ba ne.