Ko Doka Ta Iya Gyara Kwaɗayin Masu Jari?

Wanda ya ke son amsar wannan tambaya, sai ya dubi cinikin auduga a ƙasar Funtuwa da Malumfashi.

A 1902 masu masaƙu na Ingila suka kafa kamfanin auduga, watau BCGA. Daga baya ya gina injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, hanyar jirgin ƙasa kuma ta ratsa Funtuwa ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Kuɗi suka shigo, kwaɗayi ya biyo sawunsu. 'Yan baranda suka riƙa tarar manomi a hanya, su saye kayansa a wulakance. Waɗansu kuwa su ba shi bashi da damina, lokacin da rumbu ya ƙare, da kaka su kwashe amfanin gonarsa.

Gwamnati ta sa doka. Aka keɓe kasuwannin auduga, aka sa malamai su duba ta su raba mai kyau da maras kyau, a auna ta a sikeli gaban jama'a. A 1949 aka kafa Hukumar Cinikin Auduga, ita ke yanka kuɗin saye kowace shekara. Hakika wannan ya rage zalunci. Amma fa a shekaru da yawa kuɗin da Hukumar ta ba manomi bai kai abin da ta samu a kasuwar duniya ba, rarar ta tafi ayyukan Gwamnati. Makiyayi ya shiga shan nonon da aka ba shi tsaro.

A 1986 aka rushe hukumomin ciniki, aka sakar wa kasuwa mara. Duba ya yi rauni, algus ya yawaita, har ana zuba wa auduga ruwa da yashi don ta yi nauyi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To, jama'a, ashe doka dole ce, gama ita ke daidaita sikeli. Amma ba ta daidaita zuciyar mai awo. Wannan aikin tsoron Allah ne, shi ya sa Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye mudu gargaɗi mai tsanani.

Saura namu, mu masu koyon malanta. Manomin da ya iya karanta sikeli, ya iya lissafin kuɗinsa, cutarsa sai da wuya. Mu dage mu koya wa 'ya'yansa wannan. Allah ya taimake mu, amin.