Dunduniya da Gwiwa: Raunukan da Karan Ɗori Ba Ya Kai Musu

Da an fara karyar masara a ƙasar Bakori, daga Tsiga zuwa Kabomo, daga Kurami har Jargaba, sai hawa sama ya yawaita. Wannan yana kan rumbu yana gyara jinka, wancan yana saman lodin buhuna yana jan igiya, kafinta kuma yana kan rufi domin kuɗin kaka sun shigo, mai gida zai sa kwano. Bazara na yi, sai a koma kan mangwaro da ɗorawa. Ga kuma wata dirar da iyayenmu ba su sani ba: mutum ya ji harbi cikin dare, ya haye katanga, ya saki jiki bai ga inda zai sauka ba. Duk wanda ya faɗo a tsaye cikin waɗannan, dunduniyarsa ce ke karɓar nauyinsa gaba ɗaya.

Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. A ɗauko shi a kawo gida, wani dattijo ya latsa ƙwauri ya ji shi miƙe, ya ce alhamdu lillahi ba karaya, targaɗe ne. A aika a kira mai ɗori, a ja, a murza, a shafa man zafi, a ɗaure. Wata shida su wuce, mutumin yana nan yana ɗingishi, takalminsa ya ƙi shiga.

Dalili shi ne ƙashin dunduniya ba irin na ƙwauri ba ne. Ƙwauri da cinya karyewa suke kamar kara, baki biyu, a haɗa a ɗaure su kama. Dunduniya kuwa ɓawonta siriri ne, cikinta kamar saƙar zuma. A samanta akwai wani ƙaramin ƙashi mai tauri wanda ƙwauri ke zaune a kansa. In mutum ya diro, wannan ƙashin ne ke nutsewa cikin dunduniya kamar taɓarya a turmi, sai ta farfashe ta baje, tamkar ƙwaryar da aka taka. Ina mai ɗori zai kama, ina zai haɗa? Cikin ƙasusuwa bakwai na bayan ƙafa ita ce babba, ita ce kuma ta fi yawan karyewa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na karayarta suna ratsawa har cikin gaɓar da ke ƙarƙashin idon sawu.

Wannan gaɓa ce ya kamata manomi ya san da ita. Ita ke ba ƙafa damar karkata dama da hagu in an taka wuri mai tudu da gangare. Ma'aikacin ofis da ke tafiya a kan siminti yana iya rasa ta ya ci gaba da harkarsa. Mai tafiya tsakanin kunya da kwari tun asuba, kowane taku sai ya ji shi har ƙwaƙwalwa. Shi ya sa za ka ga wanda ya taɓa faɗowa yana tafiya lafiya a bakin titin Funtua, amma da ya shiga gona sai ya nemi wurin zama.

Alamun karayar dunduniya ba ɓoyayyu ba ne. Mutum ba ya iya dafa dunduniyar a ƙasa ko kaɗan. Tana kumbura da sauri, ta yi faɗi in an gwada ta da ɗayar. Bayan kwana ɗaya ko biyu jini yana kwanciya, fata ta yi baƙi-baƙi har zuwa tsakiyar tafin ƙafa. Wannan shatin na tafin ƙafa likitoci na ɗaukarsa da muhimmanci, domin targaɗen idon sawu ba kasafai yake kai shi can ba. Wani lokaci bororo ya fito, mai ruwa ko mai jini. Kada a fasa shi, kada a shafa masa komai.

Akwai abin da ya fi dunduniyar kanta haɗari, kuma shi ake mantawa. Ƙarfin faɗuwar ba ya tsayawa a ƙafa, yana haurawa. Kusan ɗaya cikin goma na masu wannan karaya ana samunsu da karaya a ƙashin baya, galibi wajen ƙugu. Zafin ƙafa yakan danne na bayan, mutum bai ma san da shi ba. To ka dubi yadda muke kai marar lafiya asibiti: a zaunar da shi kan babur, ɗaya a gaba ɗaya a baya, a bi hanyar ƙauye mai ramuka. In akwai tsagewa a gadon baya, wannan tafiyar kaɗai na iya taɓa laka. Wanda ya faɗo daga sama, a tambaye shi bayansa. In ya ce yana ciwo, ko ƙafafunsa sun yi sanyi kamar ba nasa ba, ko fitsari ya ƙi fita, a kwantar da shi a miƙe kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a nemi mota.

A asibiti hoton ƙashi ne farko, daga gefe da kuma daga baya. Likita zai auna wata kusurwa a jikin hoton, wadda ake kira da sunan Lorenz Böhler, likitan ƙashi ɗan ƙasar Austiriya da ya bayyana ta a 1931. A lafiyayyar ƙafa tana tsakanin digiri 20 zuwa 40. In ta yi ƙasa da haka, ƙashin ya nutse. In ana tunanin tiyata sai a nemi hoton siti-sikan, wanda ke nuna gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya.

Ba kowace karayar dunduniya ake yi wa aiki ba, kuma wannan ya kamata masu tsoron asibiti su ji. In gutsattsarin ba su goce ba, ɗaga ƙafa ne, da tallafin siminti ko takalmin asibiti, da sanduna. In sun goce sosai ana iya buɗewa a jera su a sa ƙarfe, amma sai kumburi ya sauka fata ta fara yamutsewa, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Wanda aka ce ya jira, kada ya ɗauka wulaƙanci ne. Yanka kumburarriyar dunduniya na jawo gyambon da ba ya jin magani. Wani bincike da aka yi a Birtaniya kan mutum 151, aka wallafa a 2014, ya nuna cewa a irin karayar da ba ta lalata siffar ƙafa ƙwarai ba, bayan shekara biyu waɗanda aka yi wa tiyata ba su fi waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi, sai ma yawan matsalar miki. Saboda haka likitan da ya ce ba sai an yanka ba yana da hujja. Karayar da ba ta jira ita ce wadda ƙashi ya huda fata, ko wadda agara ta fizgi guntun ƙashi sama har fatar bayan dunduniya ta yi fari tana neman mutuwa. Wannan a ranar ake tafiya.

Ko an yi aiki ko ba a yi ba, ba a taka ƙafar sai bayan kamar mako 8 zuwa 12. Nan ne yawancinmu ke faɗuwa jarrabawa. Mai shan taba kuma ya sani hayaƙin na hana miki da ƙashi warkewa, haka ma ciwon sukarin da ba a kula da shi ba.

Ba na cikin masu zagin maɗora. Sun riƙe al'umma tun kafin a gina asibitin ƙashi na Dala a 1959, suna kusa, ana biyansu da abin da ya sawwaƙa, wani ma sai an warke. Amma ƙafar da ke kan kumbura in aka ɗaure ta tamau da kara, jini ne ake tsarewa. In zafi ya ƙaru bayan ɗauri maimakon ya ragu, yatsu suka yi sanyi ko suka canza launi, ko taɓa ɗan yatsa kawai ya sa mutum ihu, a kwance ɗaurin nan take, kada a jira wanda ya ɗaura ya dawo daga kasuwa. Mai ɗorin da ya san sana'arsa shi ne wanda zai ga baƙin jini a tafin ƙafa ya ce wannan ba tawa ba ce.

Ita gwiwa yaudararta daban ce. Dunduniya tana hana ka tafiya. Gwiwa kuwa barinka take ka tafi, ka ɗauka ka warke.

Hausa ta tara abubuwa da yawa a kalma ɗaya: hanyar jini jijiya, mai kai saƙon ji jijiya, mai ɗaure ƙashi da ƙashi ma jijiya. Wannan ta ƙarshen nake nufi. Guda huɗu ne manya a gwiwa, kamar igiyoyin da ke riƙe da lodi: ɗaya ta gefen ciki, ɗaya ta gefen waje, biyu kuma a can tsakiya sun gitta juna, ta gaba da ta baya. Ta gaban ce masu zuwa gidan kallon ƙwallo ke jin ana kira ACL. Ita ce ta tsinke wa Virgil van Dijk na Liverpool a wasansu da Everton a watan Oktoba na 2020, kuma duk da likitocin da ke kewaye da shi sai da ya haura wata tara kafin ya sake buga wasa. Yaronmu da ya ji irin wannan rauni a filin makarantar firamare, mako uku ake ba shi.

Ba sai an yi karo ba. Ƙafa ta kafe a ƙasa, jiki ya juya, shi ke nan. Ɗan ƙwallo da ya yanke kwana a busasshen fili, ɗan acaɓa da ya sa ƙafa ya tare babur mai lodi, mai dako da ya juya da buhu a ka ƙafarsa na cikin laka. Da yawa suna jin ƙara, ƙas, a cikin gwiwar. Cikin sa'o'i kaɗan ta cika ta yi tim, domin jini ne ya taru. Kumburin da ya zo da wuri haka alama ce babba. Ta bayan kuma ta fi tsinkewa in an daki gaban ƙwauri gwiwa na lanƙwashe, kamar a haɗarin mota ko faɗuwa daga babur.

Sai a je a yi hoto, a dawo da murna: an ce ba karaya. Gaskiya ne, amma hoton ƙashi ƙashi kawai yake gani, ba ya ganin jijiya. Bayan makonni kumburi ya sauka, tafiya ta dawo. Ran nan mutum na saukowa daga mota ko zai juya ya amsa sallama, sai gwiwa ta sake shi. Kowace irin wannan zamewa tana gurzar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, wanda shi ne matashin gwiwa. In ya yage, wani lokaci guntun kan maƙale, gwiwa ta ƙi miƙewa gaba ɗaya. A haka saurayi ɗan shekara 25 ke tara wa kansa ciwon gwiwar tsofaffi tun bai kai 40 ba.

Abin daɗi, gano tsinkewar jijiyar ba lallai sai da na'ura ba. Likitan da ya iya zai kwantar da kai, ya ɗan lanƙwasa gwiwar, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya jawo ƙwauri gaba da ɗayan. In jijiyar na nan, zai ji ta tsaya cak. In ta tsinke, ƙwaurin zai taho babu birki. Gwajin Lachman ake ce masa. Hoton maganaɗisu na MRI, mai tsada, tabbatarwa yake yi da nuna abin da ya sami guringuntsi. Don haka in an ce maka ba karaya, ka buɗe baki ka ce, likita, a duba mini jijiyoyin.

Ta gefen ciki yawanci tana warkewa da kanta cikin makonni in an sa abin tallafi. Ta gaban tsakiya ba kasafai take haɗewa ba. In za a gyara, ba ɗinke ta ake ba. Ana ɗebo wata jijiya daga jikin mutumin, daga bayan cinya ko ƙasan ƙoƙon gwiwa, a dasa a gurbinta. Amma ba kowa ke bukata ba. A Suwidin an bi matasa 121 masu wannan rauni, aka fara fitar da sakamako a 2010. Cikin waɗanda aka fara da motsa jiki kawai, kusan rabi ba su nemi tiyata ba har bayan shekara biyar. Abin da ba a tsallakewa shi ne sashen gashi na asibiti, inda ake koya wa mutum ƙarfafa naman cinya har ya karɓi wani ɓangare na aikin jijiyar. Gashin nan ba tsumma da ruwan zafi ba ne, atisaye ne na watanni.

Guda ɗaya ce a gwiwa ba a kwana da ita: in ta goce gaba ɗaya, ko da ta koma da kanta. Babbar hanyar jini na bi ta bayan gwiwa, tana iya yagewa. Ƙafa ta yi sanyi ko ta ɗashe bayan irin wannan, sa'o'i shida zuwa takwas ne tsakanin mutum da yanke ƙafa.

A kwana biyun farko, ko gwiwa ko dunduniya, a huta, a ɗora ƙafa kan matashi ta fi ƙirji tudu, a sa ƙanƙara cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini. Ruwan zafi, man zafi da murza duk ƙara kumburi suke a wannan lokaci. Kada a bari wani a kemis ya soka allura cikin gwiwa wai zai zuƙe ruwa. Ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa, ta fi raunin farko muni. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda, da tramol, suna rufe zafin ne mutum ya taka abin da bai kamata ya taka ba, banda abin da wasunsu ke yi wa ciki da ƙoda.

Daga Bakori, babban asibitin Funtua ko na Malumfashi ne matakin farko, a duba, a yi hoto, a karɓi takardar turawa. Daga nan akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kan hanyar Funtua zuwa Zariya, akwai Dala ta hanyar Dayi da Gwarzo, akwai kuma asibitin Janar Amadi Rimi da na koyarwa na tarayya a Katsina. A riƙe hoton farko a tafi da shi, kada a bar shi ƙarƙashin katifa.

Sai lissafin gida. Wanda ya faɗo daga lodi a watan Nuwamba, in ya kiyaye, wajen Fabrairu zai fara taka ƙafa, amma huɗar watan Yuni na iya zuwa ta same shi bai gama ba. Tun yanzu 'yan'uwa su zauna su san wanda zai riƙe masa garma.